Masu Shan Ruwan Wutsiya: Kogin Rhine da Tafkin Chadi

Ranar 22 ga Mayu, 1964, shugabanni huɗu suka haɗu a Fort Lamy, garin da yau ake kira Njamena: Ahmadu Ahidjo na Kamaru, François Tombalbaye na Chadi, Hamani Diori na Nijar, da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa na Najeriya. A nan suka sa hannu a takardar da ta haifi Hukumar Tafkin Chadi. Cikin sharuɗɗan da suka amince da su akwai wanda ya ce babu ƙasar da za ta tayar da wani aiki da zai taɓa yawan ruwan tafkin, ko tsabtarsa, ko rayuwar kifi da tsirran yankin, sai ta fara kai maganar gaban hukumar. A lokacin tafkin ya cika ya batse, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 25,000, kuma babu wata masana'anta ta a zo a gani a bakinsa. Sun yi dokar tun ruwan yana garau.

Turawan da ke zaune a bakin kogin Rhine ba su yi irin wannan hangen ba. Tasu hukumar ta girmi tamu, domin a 1950 aka kafa ta a birnin Basel, tsakanin Suwizalan da Faransa da Luksambur da Jamus da Holan, amma sai a 1963 ta sami takardar doka, kuma aikin da aka ba ta bai wuce ta bincika ta ba da shawara ba. Kogin kuwa ya riga ya lalace. Mai tsawon kilomita kusan 1,230 ne, ya ratsa cibiyar masana'antun sinadarai da ƙarfe da kwal na Turai, kowa yana juye masa abin da ba ya so. Kifin samon, wanda aka taɓa kama wajen 250,000 a shekarar 1885, ya ɓace tun shekarun 1950. A 1969 wani maganin ƙwari ya kashe kifaye birjik daga tsakiyar Jamus har Holan. Jaridu suka laƙaba wa kogin suna babbar kwatar Turai.

Yau mutum wajen miliyan 30 ke shan ruwan da aka tato daga Rhine, samon kuma ya dawo, ko da yake da tallafin ɗan Adam. A yankin Tafkin Chadi kuwa, a 2010 kaɗai kwalara ta kama fiye da mutum 50,000 a ƙasashen nan huɗu, ta kashe sama da 2,000. Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce kuɗi: su suna da shi, mu ba mu da shi. Gaskiya ne, kuma zan dawo kansa. Sai dai Turawan nan sun shekara 36 da kuɗinsu da hukumarsu suna jan ƙafa, don haka akwai wani abin bayan kuɗin.

Rigimar gishiri ce ta fi nuna shi. A yankin Alsace na Faransa akwai mahaƙar fotash, sinadarin da ake takin zamani da shi, kuma gwamnatin Faransa ce mai ita. In an haƙo an tace, abin da ke saura gishiri ne tsibi-tsibi, miliyoyin tan a shekara, sai a narkar da shi a tura kogi. Can a wutsiyar kogin Holan ke zaune, ƙasar da wani yankinta ya fi teku gangare, wadda da ruwan Rhine take kore gishirin teku daga gonakinta, da shi kuma take sha. Sai ga ruwan da ta dogara da shi ya iso da nasa gishirin. Aka yi ta zama har 1976, aka sa hannu a yarjejeniya a birnin Bonn: Faransa za ta rage zubarwa ta riƙa tura gishirin can ƙarƙashin ƙasa, kuɗin aikin kuma a raba. Faransa kashi 30, Jamus 30, Suwizalan 6, Holan 34. Ka duba wannan rabo da kyau. Wanda aka cuta shi ne ya ɗauki kaso mafi tsoka. Mu da muke cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ga inda aka ɗebo da zafi aka zuba a bakin maƙwabci, shi kuma ya biya kuɗin ludayi don dai a daina.

Duk da haka ba a daina ba. Mutanen Alsace suka ce ba za a cusa musu gishiri kusa da ruwan rijiyoyinsu ba, gwamnatin Faransa ta ji tsoron kai takardar majalisa, ta janye ta a 1979. Holan ta fusata har ta kira jakadanta gida daga Paris. Sai a 1985 yarjejeniyar ta fara aiki, kuma maganar gishiri ba ta mutu da gaske ba sai da mahaƙar ta rufe da kanta a farkon shekarun 2000. Ɗaya yarjejeniyar ta 1976, wadda ta shafi sinadarai masu guba, ita ma haka ta yi ta tafiyar hawainiya: kowane sinadari sai an yi shekaru ana ciniki a kan iyakar da za a sa masa, kowace ƙasa tana leƙen kada masana'antunta su fi na maƙwabta shan wahala. Cikin shekara goma 'yan ƙalilan aka kammala. Wanda ya ɗauka cewa Bature in ya sa hannu shi ke nan, bai karanta tarihin Rhine ba.

Yayin da gwamnatoci ke wannan ciniki, wasu ba su zauna jira ba. Manoman lambu na yammacin Holan, masu noma cikin rumfunan gilashi, da gishiri ke ƙona musu shuka, suka haɗa kai da wata gidauniyar kare ruwa mai suna Reinwater suka maka mahaƙar Alsace a kotun Rotterdam a 1974. Aka ce kotun Holan ba ta da hurumin kamfanin da ke Faransa. Maganar ta kai kotun Tarayyar Turai, wadda ta yanke a 1976 cewa wanda aka cuta yana iya kai ƙara a inda cutar ta same shi, ba dole sai inda aka aikata ta ba. A 1988 kotun ƙolin Holan ta ba manoman gaskiya. Shekara 14 suna shari'a, amma sun buɗe ƙofar da kowane mai masana'anta a bakin kogin ya san ba za ta sake rufuwa ba.

Hukumomin ruwan famfo ma suka yi tasu ƙungiyar a 1970, daga Suwizalan har Amsterdam, ba tare da jiran ministoci ba. Su ne ke ɗiban ruwan kullum, su ne ke biyan kuɗin tacewa, suna da ɗakunan gwaji nasu na kansu. Suka riƙa aunawa suna bugawa. Sai kuma tashar jiragen ruwa ta Rotterdam. Kowace shekara dole ta yashe lakar da kogin ke kawo mata, lakar kuma ta ƙoshi da dalma da sauran ƙarafa masu guba har doka ta hana a zubar da ita a teku, sai dai a gina mata wani ƙaton rami mai tsada. Hukumar birnin ta gaji da biyan laifin wasu. Ta sa aka bi kogin da jirgi ana ɗiban ruwa a bakin bututun kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, sannan ta je musu da sakamakon a hannu ɗaya, barazanar kotu a ɗaya hannun. A farkon shekarun 1990 ta ƙulla yarjejeniya kai tsaye da ƙungiyar masana'antun sinadarai ta Jamus. Birni guda da ƙungiyar 'yan kasuwa ta wata ƙasa, babu shugaban ƙasa a tsakani.

Cikin wannan hali gobarar kamfanin Sandoz ta zo. Daren 1 ga Nuwamba, 1986, wuta ta kama rumbun ajiyar sinadarai na kamfanin a Schweizerhalle, kusa da Basel. Fiye da tan 1,300 na kaya suka ƙone, ruwan da 'yan kwana-kwana suka fesa ya kwashi tan da dama na magungunan ƙwari ya kai kogi. Ruwan ya rine ja. Kifaye suka mutu a tsawon kilomita wajen 400, garuruwa har cikin Holan suka rufe bututun ɗiban ruwa, kuma gargaɗin da ya kamata ya tashi daga Basel nan take ya makara. Watanni shida kacal bayan hatsarin nukiliya na Chernobyl ne, jama'a a tsorace suke, a fusace. Ministar Holan mai kula da sufuri da ruwa, Neelie Kroes, ta matsa, kuma kafin shekara ta zagayo, a Oktoban 1987, ministocin suka amince da sabon shiri a Strasbourg.

Shirin nan ba yarjejeniya ba ce da majalisu za su sa wa hannu, ba wanda za a iya kaiwa kotu a kansa. Buri uku ya sa a gaba: samon ya dawo kafin shekarar 2000, ruwan ya ci gaba da shayuwa, lakar kogin kuma ta tsarkaka har a iya zubar da ita ba fargaba. Aka jera sinadarai aka ce a rage zubar da su da rabi kafin 1995, kowace ƙasa ta san yadda za ta yi, amma ta kawo lissafi a bainar jama'a. Idan ka lura, kowane buri cikin ukun nan yana da mai shi tun kafin a rubuta shi: kifi na masunta ne da jama'ar gari, ruwan sha na hukumomin famfo, laka ta Rotterdam. Ministoci sun rubuta abin da wasu suka daɗe suna nema ne, kuma waɗannan wasun suna nan a tsaye da ma'auninsu don ganin an cika. Zuwa shekarar 2000 an rage zubar da yawancin sinadaran nan da kashi 70 zuwa 100. Ofishin hukumar da ke birnin Koblenz, wanda duniya ke zuwa koyo a wurinsa, ma'aikatansa ba su kai 20 ba. Ba ya rabon kwangila, ba ya gina komai. Tara alƙaluma yake yi, ya zaunar da mutane, ya kuma tabbatar cibiyoyin gargaɗi bakwai da ke jere daga Basel zuwa Holan suna amsa kira dare da rana.

Hukumar Tafkin Chadi ba ta taɓa samun wannan sukunin na aiki ɗaya ba. Shekara tara da kafa ta fari ya sauko. A 1973 tafkin ya rabe biyu, zuwa tsakiyar shekarun 1980 fuskar ruwan ta koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000. Babban aikin noman rani na kudancin tafkin a New Marte, wanda aka tsara don kadada 67,000, ya wayi gari bakin magudanarsa ya yi nisa da ruwa. Daga nan tambayar ta zama ina ruwan yake, ba yaya ruwan yake ba, kuma ba wanda zai ga laifin mai ƙishirwa a kan haka. Da ruwa ya janye sai ƙasa ta fito, manoma da masunta suka bi ta, iyakoki suka rikice. A 1983 sojojin Najeriya da na Chadi suka gwabza a kan tsibirai, aka ɗora wa hukumar aikin shata iyaka, ta yi shi daga 1988 zuwa 1990. Rigimar Darak tsakanin Najeriya da Kamaru ta kai kotun duniya, wadda ta yanke hukunci a 2002. Sai Boko Haram. Tun 2015 rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin tana ƙarƙashin inuwar hukumar, babban sakatarenta, wanda a al'ada ɗan Najeriya ne, shi ne kuma shugaban farar hula na rundunar. Ta zama jakin gidan yawa, kowa ya ɗauko kayansa sai ya aza mata: iyaka, tsaro, 'yan gudun hijira, noma, kiwo, kamun kifi. Tsabtar ruwa tana can ƙasan kaya.

Takardu kam ba a rasa ba. Akwai yarjejeniyar Moundou ta 1970 tsakanin Chadi da Kamaru kan ɗiban ruwan kogin Lagon. Akwai ta Inugu ta 1977 kan dabbobi da tsirrai. Akwai ta Maiduguri ta 1990 tsakanin Najeriya da Nijar, wadda ta shafi Komadugu Yobe da Gulbin Maradi da wasu ƙoramu biyu. A Afrilun 2012 shugabannin suka amince da Kundin Ruwa na Tafkin Chadi, wanda ya tanadi cewa mai gurɓatawa shi zai biya, kuma dole a sanar da maƙwabci kafin a tayar da aiki. Idan a rubuce ne, kundin nan ya fi abin da Rhine ke da shi a 1987 ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya dai ɗauki shekaru yana jiran amincewar ƙasashe, kamar yadda ta gishiri ta jira Faransa. Bambancin shi ne a Rhine, yayin da takarda ke barci, akwai masu tsikarinta.

Datti kuwa akwai shi. Masana'antun jimar fata da na yadi a Challawa da Sharaɗa da Bompai sun daɗe suna sako ruwan da ke ɗauke da kuromiyam da rini, wani ya bi kogin Challawa ya haɗu da kogin Kano ya wuce Wudil zuwa Haɗeja, wani ya bi Jakara. Duk wanda ya taɓa wucewa ta wajen ya san launin ruwan da warinsa, ya kuma ga lambunan da ake shayarwa da shi. A kudancin Chadi da arewacin Kamaru, yankin auduga, maganin feshi da taki suna gangarawa Lagon da Shari, kogunan da ke kawo wa tafkin kusan kashi 90 na ruwan da ke shigarsa. Njamena da Kusiri suna fuskantar juna a mahaɗar kogunan, kwatocinsu na ƙarewa a ciki. Akwai masu zuba guba a ruwa don kama kifi. Sai kuma wanda ya fi duka kisa, wato bahaya: shaddar da ambaliya ta cika, rijiyar da ke kusa da ita, sansanin 'yan gudun hijira mai famfo ɗaya. A 2017 cutar hanta da ke bin gurɓataccen ruwa ta ɓarke a Difa da Ngala, ta fi yi wa mata masu ciki illa. Ƙwayar cuta ba ta tsaya nuna takarda a kan iyaka ba.

To, ina Holan ɗin Tafkin Chadi? A ganina nan ne duk bambancin yake. Wutsiyar Rhine ta faɗa ne a kan ƙasa guda mai arziki, a daidai inda biranenta da tasharta da baitulmalinta suke. Abin da ya taɓa ruwan ya taɓa Amsterdam da Rotterdam. Tafkin Chadi ba shi da mafita zuwa teku, duk abin da koguna suka kawo a nan yake tsayawa, kuma ƙasashe huɗun duk suna wutsiya. Amma wutsiyar ta faɗa a bayan gidan uku daga cikinsu. Daga Yamai zuwa Difa ya haura kilomita 1,300. Abuja da Yaounde sun yi wa tafkin nisa. Njamena ce kaɗai ke kusa, ita kuma famfunanta daga rijiyoyin burtsatse suke sha, ba daga Shari ba. Haka yawancin garuruwan yankin. Saboda haka babu wata hukumar ruwan famfo mai ƙarfi da lissafinta ke tashi duk ranar da kogi ya ƙazantu. Masu shan ruwan wutsiya su ne masunta da makiyaya da manoman tattasai na bakin Komadugu da matan da ke ɗiba da tulu. Suna da ƙungiyoyi, ba shakka, dillalan banda na Doron Baga da manoman Difa sun san kan haɗin kai. Amma an gina ƙungiyoyin ne don kasuwa da haraji da rigimar wurin su. Ba su da ɗakin gwaji, ba su da lauya, ba kuma wata kotu da ta taɓa ce musu za su iya kai ƙarar kamfanin wata ƙasa a garinsu.

Kogin ma yana taya mai laifi ɓoye shaida. Rhine yana gudu shekara duka, abin da aka zuba a Basel cikin kwanaki zai bayyana a iyakar Holan. Ruwan Haɗeja kuwa, tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yawancinsa a gonakin rani da fadamun Haɗeja da Nguru yake ƙarewa, cikin ciyawar kachalla. Abin da ke wuce Gashuwa galibi na kogin Jama'are ne. Dattin Kano ba ya isa Difa ya tayar da rigimar ƙasa da ƙasa, yana kwanciya ne a hanya, cikin laka da ƙasar noma ta 'yan ƙasa ɗaya. A Gashuwa da kewaye ciwon ƙoda ya yi yawa har gwamnatin Yobe ta sa masu bincike a kai, mutanen gari kuma ruwa suke zargi. Da a ce akwai ma'aunin da aka riƙa ɗauka a wuri ɗaya tsawon shekara talatin, da masu binciken sun sami abin dubawa. Aune-aunen yankin galibi na ayyukan masu ba da tallafi ne: aiki ya zo a auna, aiki ya ƙare a rufe littafi.

Yankin ma ya yi tasa Sandoz ɗin, sai dai ba a ji ta ba. A Satumban 2018 ganuwar wani tafkin ajiyar ruwan datti ta fashe a filin man Badila da ke kudancin Chadi, wanda ke hannun kamfanin Glencore a lokacin. Lita wajen miliyan 85 ta malala cikin gonaki da rafin Nya, wanda ruwansa ke gangarawa Lagon. Mazauna ƙauyuka suka ce sun sami ƙuna da ƙuraje bayan wanka a rafin, kamfanin ya musanta cewa daga wurinsa ne. Babu wayar da ta tashi zuwa Bongor ko Kusiri ta ce a dakatar da ɗiban ruwa, domin babu irin wannan layin. Ƙorafin kuma da ya tashi tafiya a 2020, ƙungiyoyin kare haƙƙi ba Njamena suka kai shi gaban hukumar tafkin ba, London suka kai shi, gaban wani ofishin gwamnatin Birtaniya mai sauraron koke kan manyan kamfanoni. Ba wai gwamnatocinmu ba su iya cizo ba. A 2013 Chadi ta dakatar da kamfanin man China na CNPC saboda zubar da ɗanyen mai a ramuka, a 2014 aka sasanta a kan dala miliyan 400. Amma wannan ciniki ne tsakanin fadar shugaban ƙasa da kamfani, bai bar wa kogin wani tsari ba.

Yanzu maganar kuɗi, don kada a zalunci hukumar tamu. Yawancin tsabtar Rhine ba hukumar Koblenz ce ta biya ba. Dokokin cikin gida ne, irin ta Holan ta 1970 da ta Jamus ta 1976 da ta sa haraji a kan kowane ruwan datti, suka tilasta wa birane da kamfanoni gina matatu na biliyoyin kuɗi, kuma iskar da kifi ke shaƙa a ruwan ta fara dawowa tun kafin gobarar Sandoz. Masu laifin Rhine suna da adireshi da asusun banki da sunan da suke tsoron ya ɓaci. Da Turawan suka gama da masu bututu suka juyo kan dattin da ba shi da adireshi, wato takin da ke zirarowa daga dubban gonaki da ragowar magungunan asibiti da ke bin fitsari, su ma tafiyar ta yi nauyi. Shirinsu na yanzu, wanda aka amince da shi a 2020, burinsa a kan irin waɗannan ƙananan sinadarai ragin kashi 30 ne kawai cikin shekara 20. Mafi yawan dattin Tafkin Chadi irin wannan ne marar adireshi, mai shi talaka ne da ba shi da zaɓi. Sannan hukumar Rhine ba ta taɓa shata iyaka ba, ba ta taɓa riƙe runduna ba, ba ta taɓa aiki a inda ma'aikacin da ya je ɗiban ruwa zai iya rasa ransa ba. Cewa hukumar Njamena ta shekara 60 tana zaunar da ƙasashen nan a tebur guda, duk da juyin mulki da yaƙe-yaƙe, ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai haɗin kan da ya rataya a wuyan shugabanni kaɗai yana kamuwa da zazzaɓinsu. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai an rufe iyakar Najeriya da Nijar na watanni, a Maris ɗin 2025 kuma Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa. Komadugu, wanda shi ne iyakar ƙasashen biyu a ƙarshen tafiyarsa, bai fasa gudu tsakanin Damasak da Difa ba. Lokacin da Holan ta janye jakadanta daga Paris, masu gwajin ruwan famfo na ƙasashen ba su daina musayar alƙaluma ba, don ba ta hannun jakada suke magana ba.

Wurin da na ga an kusanci wannan salon a yankinmu shi ne kwarin Haɗeja da Jama'are da Komadugu Yobe. Da kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa suka nutse wasu suka bushe, mutanen ƙauyuka suka riƙa fita gayya suna sare ta da hannu, ƙungiyoyin kare muhalli da ma'aikatun jihohi suka shigo, har gwamnonin Bauci da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka haɗu a Damaturu a 2006 suka kafa asusun kula da kwarin. Daga ƙasa abin ya taso, daga waɗanda ruwan ya ci wa gona. Amma a nan ma rabon ruwa ne ya tara su, ingancinsa bai sami mai tsaya masa ba tukuna.

A Fabrairun 2018 an yi babban taro a Abuja, aka rungumi shirin Transaqua na janyo ruwa daga kwarin Kwango ta magudana mai tsawon kilomita 2,400, a kan kuɗin da aka ƙiyasta dala biliyan 50. Ko da an samu kuɗin, ko da Kinshasa ta yarda, ruwan da zai iso ta Shari zai bi, ta gaban kwatocin nan dai. Ga kuma binciken tauraron ɗan Adam da ke nuna tafkin ya daina ƙanƙancewa tun shekarun 1990, ambaliyar Njamena ta 2022 da ta Maiduguri ta 2024 kuma sun nuna cewa yawan ruwa ma hanyar cuta ce idan ya bi ta kan shadda. Jamus da Holan sun daɗe kowa na auna nasa a gefensa na iyaka, kafin su haɗa tasha guda a Bimmen da Lobith, ma'aikatan ƙasashen biyu a ɗaki ɗaya, lamba ɗaya da ba mai musu a kanta. Irin wannan bai fi ƙarfin yankinmu ba. Akwai jami'o'i a Maiduguri da Difa da Marwa da Njamena, akwai Bayero a Kano. Su amince da wurare goma sha wani abu, Wudil da Gashuwa da Gaidam da gadar Kusiri da Bongor a ciki, su auna abu iri ɗaya a rana ɗaya kowane wata, a karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa da Fulatanci, yadda shugaban masunta da sarkin noma za su iya riƙe lambar su shiga da ita ofis. Kuɗinsa bai kai na taron ƙoli guda ba. Wahalarsa a wani wurin take: lambobin farko da za su fito Kano za su nuna da Njamena, garin da ya fi kowane yawan jama'a da masana'antu a kwarin, da kuma garin da ofishin hukumar yake.